Wa'adin Shekara Shida: Rarar Harajin Da Ke Kwana A Baitulmali

Tun daga watan Oktoban 2024, lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da tsarin rabon harajin VAT da aka kai gaban Majalisar Tarayya, har zuwa ranar 26 ga Yuni, 2025 da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabbin dokokin haraji guda huɗu, kusan duk muhawarar da muka yi a gidajen rediyo da majalisun unguwa ta tsaya ne a kan abu ɗaya: nawa gwamnati za ta karɓa, kuma wace jiha ce za ta samu kaso mafi tsoka. Tambaya ce da ta cancanci a yi ta. Sai dai tana da ƙanwa wadda ba a waiwaye ta ba. Idan hukuma ta karɓi fiye da abin da doka ta ba ta daga albashin mutum, ta yaya za ta mayar masa, kuma har zuwa yaushe yake da damar nema?

Amsar tana cikin Dokar Gudanar da Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Dokar ta amince cewa duk rarar da mutum ya biya za a mayar masa bayan hukumar haraji ta binciki lissafinsa. Ta kuma gindaya sharaɗi: ba za a saurari buƙatar mayar da rara ba sai an gabatar da ita a rubuce, cikin shekara shida bayan ƙarshen shekarar harajin da abin ya shafa. Wannan wa'adi ya girmi sabuwar dokar, domin tsohuwar dokar harajin kuɗin shiga ma shekara shida ta yanka. Ma'anarsa a aikace ita ce, wanda aka cire wa fiye da ƙima a shekarar 2020, ƙofarsa za ta rufe ranar 31 ga Disamba, 2026. Daga ranar kuwa kuɗin ya zama na baitulmali a idon doka, komai ƙarfin hujjar da ke hannunsa.

Da yawa daga cikinmu za su ce wannan maganar manyan 'yan kasuwa ce da kamfanoni. Lissafi kaɗan zai nuna akasin haka. A sabon tsari, naira 800,000 na farko a cikin kuɗin shigar mutum na shekara ba su da haraji, sannan naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari a kansu. Mu ƙaddara malamin makaranta ne wanda abin da ake lissafa wa haraji a albashinsa ya kai naira 200,000 a wata. A shekara ya kama miliyan 2.4, harajinsa naira 240,000, wato za a riƙa cire masa 20,000 duk wata. To, idan aka sallame shi a ƙarshen Afrilu, ko rashin lafiya ta kwantar da shi, kuma bai sake samun wani kuɗin shiga ba har shekara ta ƙare, abin da ya samu gaba ɗaya naira 800,000 ne cif, wanda doka ta ce ba a taɓa shi. Amma an riga an cire masa 80,000. Ofishin albashi bai yi ha'inci ba. Ya yi lissafi ne a kan zaton mutumin zai cika wata goma sha biyu. Zaton ya ƙi gaskata, kuma naira 80,000 ɗin nan haƙƙinsa ne a hannun hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa, a daidai lokacin da ya fi kowa buƙatarsu.

Alƙaluman tsohuwar doka daban suke, amma illar iri ɗaya ce, kuma shi ya sa shekarar 2020 ta cancanci kulawa ta musamman. Ita ce shekarar kullen korona, wadda makarantu masu zaman kansu suka yi watanni a rufe, aka rage wa wasu ma'aikata albashi, wasu kuma aka sallame su tsakiyar shekara.

Akwai hanya ta biyu da rara take taruwa, ita kuma sabuwa ce fil. Sabuwar doka ta soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowane ma'aikaci, ta kawo rangwamen haya a madadinsa: kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar gidan da mutum ya biya a shekara, muddin bai wuce naira 500,000 ba, za a zare shi daga kuɗin da ake lissafa wa haraji. Tsohon rangwamen yana zuwa da kansa ko mutum bai buɗe baki ba. Wannan kuwa sai an bayyana ainihin hayar da aka biya. Mun san yadda ake biyan haya a yawancin unguwanninmu: a damƙa wa dillali ko mai gida kuɗi hannu da hannu, a yi musabaha, a rabu da fatan alheri, babu rasit babu yarjejeniya a rubuce. Magidancin da ke biyan naira 600,000 a shekara yana da rangwamen 120,000, wanda a matakin kashi 15 yake nufin naira 18,000 da bai kamata a cire masa ba. Idan bai bayyana ba za a cire, kuma a shekara mai zuwa a sake cirewa. Ga kuma ƙananan 'yan kwangila da masu aikin ƙwarewa, waɗanda ake riƙe musu haraji tun daga tushe, kashi 5 a kan ladan aikin ƙwarewa, kashi 10 a kan kuɗin haya. Ana cire wannan ne daga jimillar kuɗin da aka biya su, ba a duba ko sun ci riba ko sun faɗi, don haka sau da yawa abin da aka riƙe yakan zarce harajin da ya hau kansu a ƙarshen shekara.

Shi kansa yanka wa'adi ba mu ga aibu a cikinsa ba. Takardu suna ɓacewa, masu sa hannu suna ritaya ko su rasu, gwamnati kuma tana buƙatar ta san ranar da za ta rufe littafin wata shekara. Idan aka kwatanta, Nijeriya ta ma fi wasu ƙasashe sassauci. A Ingila shekara huɗu ake bayarwa bayan ƙarshen shekarar haraji. A Amurka shekara uku ce, kuma hukumar harajinsu takan fito duk shekara ta yi shela kafin wa'adi ya cika. A 2025 ta sanar cewa mutum fiye da miliyan 1.1 ba su nemi rararsu ta shekarar 2021 ba, kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya, kuma duk wanda ya wuce ranar 15 ga Afrilu, 2025 ya bar wa baitulmalin ƙasar. Idan haka take faruwa a ƙasar da cike takardar haraji ya zama al'adar kowane gida, sai mu auna yadda lamarin zai kasance a inda ma'aikaci kan yi shekara talatin yana aiki bai taɓa taka ofishin haraji ba.

Ɗaliban fiƙihu da ke karanta wannan shafi za su lura cewa mas'alar ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Ita ce mas'alar tsufan da'awa, wadda kotunan shari'a a ƙasar Hausa suka sani da sunan hauzi. A mazhabar Malikiyya, idan wani ya riƙe gida ko gona shekara goma yana sarrafawa kamar nasa, yana gini yana rushewa, sannan wani bare ya zo yana da'awar mallaka, alƙali ba zai saurare shi ba. Tsakanin dangi kuwa ana tsawaita wa'adin har ya haura shekara arba'in, saboda an san kunya da kara suna hana ɗan'uwa yin magana. Amma malamai ba su bar adadin shekaru ya yi hukunci shi kaɗai ba. Sun shar'anta cewa mai da'awar ya kasance yana nan, yana ganin abin da ake yi, ya san abin nasa ne, ya yi shiru, kuma babu wani uzuri da ya hana shi magana. Idan yaro ne, ko ya yi tafiya mai nisa, ko yana tsoron mai iko, shekarun ba sa ƙirguwa a kansa. Ibn Rushd kakan, alƙalin Ƙurɗuba, ya bayyana cewa hauzi ba ya ɗauke mallaka daga wani ya ba wani. Alama ce kawai da ke nuna cewa wataƙila an sayar ko an yi kyauta, domin a al'ada mutum ba ya zuba ido a kan dukiyarsa tsawon wannan lokaci haka kawai.

Malaman Hanafiyya sun iso wuri ɗaya ta wata hanya. Kundin dokokin mu'amala na Daular Usmaniyya, wato Majalla, wanda aka kammala a 1876, ya hana alƙalai sauraron da'awar bashi ko ajiya ko gado bayan shekara 15, tare da keɓe masu uzuri irin su ƙuruciya da taɓin hankali da doguwar tafiya. Sannan ya tabbatar da cewa shuɗewar zamani ba ta kashe haƙƙi: idan wanda ake ƙara ya amsa a gaban alƙali cewa lallai ana bin sa, za a hukunta masa biya komai tsawon shekarun. Abin da shugaba yake da ikon rufewa shi ne ƙofar kotu, saboda maslahar jama'a. Nauyin da ke wuyan wanda ya san yana riƙe da kayan wani kuwa yana nan.

Idan muka ɗora wa'adin shekara shida a kan wannan ma'auni, inda ya gaza a fili yake. Lafazin dokar yana ƙirga shekaru ne daga ƙarshen shekarar haraji, bai tsaya tambayar ko mai haƙƙin ya san yana da rara ba. Shirun mai gona da yake ganin wani yana noma ta shiru ne mai ma'ana. Shirun malamin makarantar da bai taɓa ganin yadda aka lissafa harajinsa ba, wanda saƙon banki kawai yake gani a ƙarshen wata, ba ya nuna yafiya ko amincewa, domin ba a yafe abin da ba a san da shi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ita hukuma tana da bayanan. Doka ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya miƙa mata, kafin ƙarshen Janairu, sunayen ma'aikatansa da abin da ya biya su da abin da ya cire musu a shekarar da ta gabata. Wanda ake bi bashin ya fi mai bashin sanin adadinsa, kuma shi ne zai amfana idan wa'adi ya cika ba a nema ba.

Amurka ta taɓa cin karo da wannan giɓi ta hanya mai ban tausayi. A 1984 wani dattijo mai shekara 93, wanda tsufa ya taɓa hankalinsa, ya aika wa hukumar haraji dala 7,000, adadin da ya zarce abin da ake bin sa nesa ba kusa ba. Sai bayan rasuwarsa 'yarsa ta gano, ta nemi a mayar, aka ce wa'adi ya wuce. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1997 ta yanke cewa dokar ba ta bar wa alƙalai damar duba uzuri ba. A shekarar da ta biyo baya, 1998, majalisar dokokin ƙasar ta gyara dokar, ta dakatar da ƙirgen wa'adi ga wanda rashin lafiyar jiki ko ta ƙwaƙwalwa ta hana shi kula da harkokin kuɗinsa. Uzurin da malaman fiƙihu suka rubuta ƙarnoni da suka wuce, sai da aka yi asarar haƙƙin wani tsoho kafin a shigar da shi doka. Bai kamata 'yan majalisarmu su jira irin wannan shari'a ba.

Akwai kuma rashin daidaito tsakanin agogon ɗan ƙasa da agogon hukuma. Gaskiya ne hukuma ita ma shekara shida take da su idan tana son ta sake ƙiyasta wa mutum ƙarin haraji, amma ta keɓe wa kanta mafita: inda aka samu zamba ko ɓoye gaskiya da gangan, za ta iya komawa baya fiye da haka. Wannan daidai ne, ba ma jayayya da shi. Abin lura shi ne yadda aka tsara lokacin biyan rara. Doka ta ce a biya cikin kwana 90, ko a bar wa mutum kuɗin a matsayin ajiya da za a riƙa zarewa daga harajinsa na gaba. Sai dai kwana 90 ɗin suna farawa ne daga ranar da hukuma ta yanke cewa akwai rara, bayan ta gama bincikenta, ba daga ranar da mutum ya miƙa takardarsa ba. Tsawon binciken yana hannunta. Alƙawarin kwana 90 da asusu na musamman don biyan rara suna cikin dokar da ta kafa tsohuwar hukumar FIRS tun 2007, kuma duk wanda ya san harkar ya san yadda kamfanoni suka daɗe suna kukan jinkiri. Mu ƙara da cewa hukumomin haraji wani kaso na abin da suka tara ake ba su don gudanar da ayyukansu, kuma gwamnoni da yawan abin da aka tara suke alfahari. Babu wanda ake yaba wa a bainar jama'a don ya mayar da kuɗi.

Jinkiri kuma a tattalin arzikinmu asara ce ko da an biya daga baya. Naira 80,000 a 2020, lokacin da dala take wajen naira 380 a farashin gwamnati, sun kai kusan dala 210. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, kusan dala 53 suka koma. A Disambar wannan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ya ɗauki shekara shida a matsayin lokacin hutawa zai karɓi adadin da aka cire masa, amma buhun da kuɗin za su saya a da, yanzu ko rabinsa ba za su kawo ba.

Gyaran da muke ganin ya fi sauƙi ba ya buƙatar sabuwar doka. A Ingila hukumar haraji da kanta take lissafa wa ma'aikaci bayan ƙarshen shekara, ta aika masa da sanarwa idan ya biya fiye da ƙima. Hukumominmu na jihohi, irin su KIRS a Kano da KADIRS a Kaduna, sun zuba jari mai yawa a na'urorin bin diddigin waɗanda ba su biya ba. Na'urar da ta iya gano wanda ya gaza za ta iya gano wanda ya zarce, kuma saƙon waya ɗaya ya isa ya cika sharaɗin sani. Majalisun jihohi kuma suna da hurumin tambaya a lokacin kare kasafi: buƙatun mayar da rara nawa aka karɓa bara, nawa aka biya, kuma wata nawa kowace ta ɗauka? Sabbin dokokin sun kafa ofishi na musamman mai sauraron koke-koken masu biyan haraji. Ya dace jinkirin binciken rara ya kasance cikin abubuwan farko da za a gwada ƙarfinsa da su.

A ɓangarenmu na magidanta, akwai ɗabi'ar da ya kamata mu duba. Mukan ce abin da ya shiga hannun gwamnati ya tafi, ko mu ce mun bar wa Allah. Mutum baligi mai hankali yana da ikon yafe nasa, ba mai hana shi, kodayake wanda ke fama da kuɗin makarantar yara ya kamata ya yi tunani sau biyu. Amma akwai inda yafiyar ba a hannunsa take ba. Ma'aikacin da ya rasu a tsakiyar shekara shi ne misali mafi bayyana na wanda aka cire wa fiye da ƙima, domin an yi masa lissafin wata goma sha biyu bai cika su ba. Rarar nan tana cikin dukiyar da ya bari, kamar bashin da yake bin wani ɗan kasuwa. Idan a cikin magada akwai marayu ƙanana, wasiyyi ko waliyyinsu ba shi da ikon ya bar ta ta salwanta don gudun wahalar ofis. Iyalai sukan bi kuɗin fansho da garatuti da abin da ke banki, su kammala rabon gado, ba wanda ya tuna da ofishin haraji, alhali takardar izinin kula da dukiyar mamaci da suka riga suka karɓo don banki ita ce dai za ta yi musu aiki a can. Haka nan dole a faɗi ɗaya gefen: rasit ɗin haya na bogi, ko ƙara adadi da haɗin bakin mai gida, cin dukiyar jama'a ne da ƙarya, kuma dokar ta tanadi tara ga wanda ya karɓi rara ta wannan hanya.

Ga wanda ke zaton yana da rara, buƙatar takan tafi ne ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune a shekarar da abin ya faru. Mazauna Abuja suna da tasu hukumar, sojoji da 'yan sanda kuma lissafinsu yana hannun hukumar tarayya, wadda yanzu ake kira NRS. Abin da zai tara shi ne takardun albashi na watannin shekarar, da bayanin asusunsa na banki, da takardar sallama ko ta rage albashi idan akwai, da shaidar duk harajin da aka riƙe masa daga tushe. Sai ya rubuta wasiƙa mai ɗauke da lambarsa ta mai biyan haraji da shekarar da yake magana a kanta da adadin da yake nema, ya kai kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ya dawo da ita gida. Wannan hatimin shi ne hujjarsa cewa ya nema cikin wa'adi, ko da binciken ya kai wata shekara. Ƙorafin baki a gaban teburin jami'i ba ya cikin abin da doka ta lissafa. Shigar da bayanin kuɗin shiga na shekara kafin 31 ga Maris shi ne ke fito da rarar tun tana sabuwa, kuma a nan ne ake bayyana kuɗin haya.

Masu neman ta shekarar 2020 su ne lokaci ya fi ƙure wa. Wasu wuraren aikin na wancan lokaci sun rufe, wasu sun sauya masu su, kuma samo takardar albashi ta shekara shida baya daga tsohon ofishi kan ɗauki makonni. Wanda ya bari sai makon ƙarshe na Disamba zai tarar da hutun ƙarshen shekara ya cinye masa rabin kwanakin da suka rage.